Kujerun Gidan Gwaggo

Akwai shekarar da duk wanda ya zo gidan Gwaggo, a ƙasa yake zama. Ba talauci ba ne, ba kuma rowa ba. Kujerun ne suka dinga ɓacewa, kuma matar gidan ce da kanta take kwashe su.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. A hannunta na tashi, ita ce kuma ta samo mini aiki a kamfanin sabulun da take aiki tun ina rarrafe. Mu mata aikinmu naɗe sabulu a takarda mu jera a kwali, a tsaye gaban dogon tebur, tun safe har a tashi. Maza masu kula da injin kuwa kowa da kujerarsa, wani har da matashi. Shugaban sashenmu, wanda muke kira Mai Agogo don idonsa ba ya barin agogon hannunsa, cewa yake mace in ta zauna, hannu ya mutu, baki ya buɗe.

Guntuwar mace ce Gwaggo, ga faɗa kamar me, ƙafafunta duk jijiyoyi sun fito ruɗu-ruɗu saboda tsayuwa. Amma ban taɓa jin ta yi ƙorafi don kanta ba. Abin da ya tunzura ta shi ne Baƙuwa, wata matashiya daga wata ƙasa da ba ta jin harshenmu sosai. An ajiye ta a ƙarshen tebur inda zafin injin ya fi, ga ciki ya tsufa, ga miji a kwance ba lafiya. Wata rana jiri ya ɗebe ta, ta zauna a kan kwali. Mai Agogo ya ce in ya sake ganin ta a zaune, ta tafi gida ta zauna gaba ɗaya.

Washegari Gwaggo ta ɗora kujerar falo a ka, muka tafi aiki ina bin ta a baya kunya kamar ta kashe ni. Ta dire ta a ƙarshen tebur, ta danna kafaɗar Baƙuwa.

"Zauna, 'yar nan."

Mai Agogo ya taho a fusace. "Gwaggo, da aikinki fa kike wasa."

"Ni na zaunar da ita, ɗana. In kora ce, da ni za ka fara."

Bai iya korar ta ba, don ita ta koya wa rabin matan wurin aiki, amma ya ƙwace kujerar ya kulle a sito. Kashegari ta kawo wata. Ita ma ya kulle. Ita kuwa Gwaggo ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗosana jiki a kai ba, don kada a ce don kanta take yi.

Kawu, mijinta, ya dawo wata rana ya tarar da fili a inda yake shan iska.

"Ke, ina kujerata?"

"Ta tafi aiki."

"To, Allah ya ba da sa'a. Ta fi ni zuciya."

Ranar da kujerun gidan suka ƙare, Gwaggo ta fita hannu rabbana. Na tsorata, wallahi, don na san Baƙuwa ba za ta iya wuni a tsaye ba. Muna shan kwanar kamfani sai ga mata a bakin ƙofa, kowace da kujera a ka: ta roba, ta katako, wata har da benci ita da ƙanwarta. Babu wadda Gwaggo ta roƙa. Ta tsaya tana kallon su, sannan ta daka musu tsawa wai za su makara.

Mai Agogo ya yi ta kwashewa yana kullewa, sito ya cika har kwalaye suka rasa wurin zama. Dole manaja ya sauko daga ofis, kuma kafin wata ya ƙare aka kawo mana kujeru masu dogayen ƙafafu daidai tebur. Baƙuwa ta yi aikinta har ta je haihuwa.

Kowa ya zauna, ban da Gwaggo. Wai hannunta ba ya gudu in tana zaune. Muka yi lallashi, muka yi tsiya, a banza. Ni kuwa abin yana ci mini rai, don ni ke shafa mata man zafi a ƙafa in mun koma gida.

Sai ranar da Baƙuwa ta kawo mana jaririyarta mu gani. Ta wuce kowa, ta ɗora ta a hannun Gwaggo, ta jawo kujera, ta danna kafaɗarta kamar yadda Gwaggo ta taɓa yi mata.

"Mama, zauna. A tsaye za ki riƙe mini ita?"

Gwaggo ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi fuskar jaririyar, ta fasa. Ta zauna a hankali, ta miƙe ƙafafun nan, ta yi ajiyar zuciya.

"Ashe haka abin yake da daɗi," in ji ta.