Wushiryar Babana

Wata Alhamis ce a daminar 2010, ina shekara goma sha uku, motar da ta ɗauko ni daga Isa ta ajiye ni bakin hanyar Kurawa, ƙauyen su babana, da hantsi, bayan an kwana ana ruwa. Gero ya fi ni tsawo ta kowane gefe. Na tarar da kakata Inna tsugune kusa da garke tana wanke ƙwaryar tatsa, na durƙusa na gaishe ta ina rufe baki da gefen mayafi kamar yadda na saba. Ta janye mayafin da jiƙaƙƙen hannunta, ta kama haɓata ta juya ni wajen rana. Ta daɗe tana duban wayar ƙarfen da aka jera mini a haƙora, da 'yan robobin nan biyu da suka haɗa sama da ƙasa, sannan ta ce, "Wa yas sa miki takunkumi awa maraƙi?"

Kawu Sani ne, ƙanen mahaifiyata, wanda ke aiki a wani asibiti a Sakkwato. Haƙorana na sama sun turo gaba tun ina ƙarama, har leɓe ba ya iya rufe su, ga wushirya mai faɗi a tsakiya. A makaranta babu mai kirana Hadiza, Zomanya ce sunana, kuma sau biyu ina faɗuwa wajen wasan langa haƙoran suna fasa mini leɓe. Shi ya sa Kawu ya kai ni wurin likitan haƙori aka sa wayar, daga baya aka ƙara robobin. 'Yan ƙanana ne, ko ɗan yatsan jariri ba za su shiga ba, ana maƙala su daga fiƙa ta sama zuwa haƙorin ciki na ƙasa, a sake sababbi kullum. Suna sa muƙamuƙi tsami, kuma idan na yi hamma da ƙarfi sai ɗaya ta tsinke ta tsallake waje kamar fara. Duk wannan na zayyana wa Inna ina taƙama, har na ƙara da cewa likita ya ce in na dage, haƙoran za su koma ciki kuma wushiryar ma za ta rufe. Inna ta ci gaba da cuɗa ƙwaryar da ta riga ta fita. Can ta tambaye ni ko ana cire su. Na ce sai in za a ci abinci kawai.

Daga ranar ban sake sanin yunwa ba. Da safe kunu da man shanu, kafin in gama ɗauraye baki in maida robobin an miƙo mini madarar da aka tatso da ɗuminta. In na dawo daga kai wa masu noma abinci, fura na jirana an dama ta da kindirmo, bayan fura dafaffen wake, bayan wake kabewa. Da ta ji waya ba ta son abu mai tauri, sai ta riƙa gasa tumun gero ta murje shi a tafinta, ta ɗan jiƙa, ta ba ni ƙwaya-ƙwaya don cin ya yi tsawo. In na ce na ƙoshi ta ce 'yan birni ba su da ladabi. In na ɗauko ledar robobin ta ce, "Bari dai, dambu na bisa wuta." Zanena ya fara matse ni, kajin gidan kuwa suka koyi bina, don sun ɗauka tsofaffin robobin da nake yarwa tsutsa ce. Ni dai ina ta jin haushi, ina ganin tsohuwar nan rigima kawai take ji da ita.

Goggo Asabe, ƙanwar babana, ita ta buɗe mini ido wata rana muna surfe. Na kai mata ƙara cewa Inna za ta fasa mini ciki, ta jingine taɓarya ta dube ni. "Ke ba ki gane ba? Ba yunwarki ta dame ta ba. Wushiryag ga ta Yaya ta." Babana ya rasu ina shekara huɗu, kuma hotonsa ɗaya ne a gidanmu, na katin shaida, baki a rufe gam. Ban taɓa sanin daga wurinsa na ɗauko ba. Shi ne ɗan farin Inna, kuma ita ta tashi cikin makiyaya, inda kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ranar da aka kawo labarin rasuwarsa ma, in ji Goggo, cewa ta yi Allah ya jiƙan musulmi ta tashi ta ɗauki igiyar shanu. To mai wannan kunyar ta yaya za ta buɗe baki ta ce a bar mata abin da ya rage na ɗanta? Sai ta bi ta hanyar da ta sani, ta tukunya.

Na ji tausayinta har na kasa gama surfen. Na ɗauki ledar robobin na tura ta ƙarƙashin jeren kwanukan Inna, na bar ta nan. Ba zan ce da sauƙi na yi ba, domin na san abin da ke jirana a Isa in hutu ya ƙare, na kuma san Kawu zai gane da kallo ɗaya. Kwanakin nan Inna ta rage ɗura, ta koma ba ni labaran ban dariya na wani bijiminta mai tsoron kwaɗi. Ina yin dariyar, amma hannuna ya riga ya saba, da na fara sai mayafi ya hau baki. Rannan muna 'yar carafke da 'yan mata gindin tsamiyar ƙofar gida, wani yaro mai koro awaki ya leƙo fuskata ya ce, "Kai, zomo da linzami!" Aka kwashe da dariya. Na yi kamar ban ji ba, na ja mayafi har hanci na ci gaba da wasa a haka. Ashe Inna na tsaye bakin darni da ƙwaryar nono a ka.

Washegari bayan an saki shanu ta kira ni bayan ɗaki, inda rana ke fara sauka. Ta karɓe mayafina ta ɗora a cinyarta, ta kwaikwayi tsallen bijimin nan da tsufanta, har na yi dariyar da ban taɓa yi a gaban mutum ba. Ba ta taya ni ba, kallona kawai take yi, kallo mai tsawo. "Shi wancan bai taɓa ruhe bakinai ba in shina dariya," in ji ta. Na ce yaya aka yi ta sani, tunda ba ta dubansa. Ta ce, "Ta kahwar zana ni ka kallonai." Sannan ta kwance bakin zanenta, sai ga ledar robobin. Ta sa mini ita a hannu ta dunƙule yatsuna a kai. "Na gani, ta ishe ni. Maida abinki, kuma kak ki sake ciro su sai da dalili." Ta riƙe mini ɗan madubinta na maƙala su.

Wushiryar ta rufe a hankali, kafin wata daminar babu ko alamarta. Da na je hutu Inna ta kama haɓata ta juya ni wajen rana, ta ce sun yi kyau. Ta rasu ina ajin ƙarshe na sakandare. Yanzu a Sakkwato nake zaune, ina koyarwa, ina dariya a gaban aji baki buɗe ba tare da na tuna da mayafi ba. A nan har na ji ana cewa wasu 'yan mata na zuwa a buɗe musu wushirya don ado. Hanyar Kurawa kuwa ba ta biyuwa yadda muke bin ta da saboda rashin tsaro, garken ya watse, Goggo ma ta koma Isa da zama. Amma har yau, in na shiga tunani, harshena kan tafi tsakiyar haƙoran nan yana laluben ƙofar da babu. Ba tawa ba ce ni kaɗai, Inna ce ta bar mini ita na rufe.