Matar da ke Kallon Hanyar Yanbu

Wata Alhamis ce cikin hunturu, tsakanin magariba da lisha, a ƙarshen shekarun saba'in. Muna saman gidanmu a unguwar Anbariyya, a ƙasa mai tsarki: ni, da ƙanwata Habiba, da Iya, mahaifiyar babanmu, tana fifita gawayin shayi.

A cikin tatsuniyoyin Iya akwai guda da babu dabba ko aljani a ciki. Wata mata ce ta taso hajji a ƙafa daga ƙasar Katsina, da 'ya'ya biyu. A bakin teku a Sudan ƙyanda ta kama ƙaramar, mai jirgin ruwa ya ƙi ɗaukarta. Matar ta bar ta hannun 'yan ayari, suka yi alkawarin biyo jirgi na gaba su sauka a tashar jiragen ruwa ta Yanbu. Tun da ta ƙetaro, duk lokacin shigowar alhazai, sai ta hau tsohuwar hasumiyar Turkawa da ke kan dutse, inda sojoji ke gadin gari a da, ta zuba wa hanyar ido.

Habiba ta tambaya da Larabci ko yarinyar ta zo.

"Yi min Hausa, uwar surutu," in ji Iya. "Ba ta zo ba tukuna."

Hasumiyar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk shekara Iya kan kai mu, wai shan iska. Takan huta sau uku kafin mu kai sama, sannan ta tsaya a tagar yamma har mu gaji da wasa. Ban taɓa haɗa abubuwan biyu ba. Shekarata goma sha ɗaya, ina ji da sauraron rediyo.

Na ce, "Iya, matar nan ba ta da wayo. Alhazanmu yanzu ta jirgin sama suke zuwa, su sauka Jidda. Wa zai biyo Yanbu?"

Ta ajiye maficin. "Haka ne, maigida? Tun yaushe?"

"Tun tuni."

"To. Sha shayinka."

Abin da na faɗa gaskiya ne, babu kuskure ko ɗaya a ciki. Na girma kafin na gane cewa ban tsaya na duba wa nake faɗa wa ba.

A shekarar ba mu hau dutsen ba, tatsuniyar ma ba ta sake fitowa ba. Ranar da muka dawo daga jana'izar Iya, Baba ya faɗa mana sunan yarinyar. Rabi. Ƙanwarsa ce, shekararta huɗu lokacin da aka bar ta.