Rijiyar Baffa Bayan Yasa Uku

Baffana, ƙanen mahaifinmu, mai yasar rijiya ne. Daga Kankiya har Kusada, in akuya ta faɗa rijiya ko ruwa ya ja baya da rani, shi ake aika wa. Gajere ne kakkaura, ga taurin kai irin na gidanmu, wanda ni ma ban tsira daga gare shi ba. Rijiyar ƙofar gidansa da hannunsa ya haƙa ta, sadaka ga mahaifiyarsa, wato kakarmu, kuma duk unguwar ita ake sha. Abin da ya mallaka ke nan da yake alfahari da shi.

Bayan gidansa, ta bakin titi, wasu suka buɗe wurin ɗura gas da wankin tankokin mai. Akwai wani ruwan magani da suke wanke maiƙo da shi, in sun gama su tuttular a wani rami. An yi shekara da shekaru ana haka, ba wanda ya damu. Sai wata damina ruwan rijiyar ya fara wari irin na shagon mai fenti, mata suka ce har a tuwo ana jin sa.

Baffa ya yi abin da ya sani. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga, aka kwashe ruwan tas, aka fitar da laka, aka bar ta ta sake tarawa. Warin ya dawo. Ya sake yasa, warin ya sake dawowa. A ta uku, da damina ta ɗauke, sai aka daina ji. Ya ɗebo a ƙoƙo ya duba a rana, ya sansana, ya kurɓa. Haka malamai suka koya mana, in launi da ɗanɗano da wari ba su canja ba, ruwa mai tsarki ne. Bayan sallar la'asar ya shaida wa jama'a rijiya ta warke.

Ni a lokacin ina aiki a sashen lafiya, hankalina kuwa bai kwanta ba, don ruwa ba ya tsami banza. Na yi ta zirga-zirga har aka turo masu gwaji daga Katsina. Shugabarsu wata mata ce 'yar Kudu, ta daɗe a Arewa, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Suka ɗebi ruwan a kwalabe suka tafi. Da sakamako ya zo, maganin nan yana ciki, hanci ne kawai ya daina kama shi.

A nan na yi wauta. Maimakon in same shi a zaure mu biyu, sai na tare shi a bakin rijiyar, mata na ɗiba, ina kaɗa masa takarda.

"Kai yaro, mi kake nuhi?" in ji shi. "Ni da nika shiga rijiya tun ba a haihe ka ba? Ruwan ga na sha da bakina. Tahi da takardarka."

Ni ma na ɗauki zafi, na ce zai kashe mutane da sunan sadaka. Har yau in na tuna wannan maganar sai kunya ta kama ni. Mako biyu ba ya amsa gaisuwata, ana kuma ci gaba da ɗiba.

Matar nan ce ta gyara abin da na ɓata. Ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ba ta ko fito da takarda ba. Ta ce, "Baba, kai ka san cikinta, ni ban sani ba. Ta ina idon ruwan yake shigowa?"

Ya nuna gabas ba tare da ya yi tunani ba. Sai ta roƙe shi ya raka ta. Suka bi inda hannunsa ya nuna, har ramin masu wankin tanki, inda ma'aikatanta suka haƙa ya fi gaba biyu. Ta sa aka miƙo masa ƙasar can ƙasa. Ya murza ta a yatsa, ya kai hanci.

"Ashe ba rijiyar ba ce," ya ce a hankali. "Ƙasar ce. Ƙasa kuwa ba ta yasuwa."

Ta ce tana yasuwa, sai dai ba da guga ba. Haka kuwa aka yi. Tifa ta yi ta kwashe ƙasar ramin, aka tona ƙananan burtsatse kewaye da wurin, inji yana jawo ruwan yana bi da shi ta cikin tankunan gawayi. Baffa ya tambaye ta har yaushe. Ta ce ba za ta yi masa ƙarya ba, shekaru ne, kuma ba ta san ko nawa ba.

Washegari shi da kansa ya sa wa rijiyar murfin ƙarfe da kwaɗo. Bai yarda da kwaɗon kaɗai ba, sai ya riƙa shimfiɗa buzu a gefenta kowace safiya. Duk wadda ta zo da bokiti ya ce, "Yi haƙuri ɗiyata, tahi rijiyar masallaci." Wata tsohuwa ta ce masa rowa ta kama shi da tsufa, ya yi dariya, amma na ga idonsa ya kawo ruwa. Tausayinsa ya cika ni, na zauna kusa da shi, ya matsa mini a buzun. Shiryawarmu ke nan.

Damina biyu ya yi yana wannan gadi. Ranar da Allah ya yi masa rasuwa, injin yana can yana ƙara a bayan gidansa. Rijiyar masallaci ta ja baya a lokacin, a jarkoki na ɗauko ruwa daga garin Tafashiya a kan babur, muka yi masa wanka, taku goma tsakaninsa da rijiyarsa.