Garin Da Malam Bai Rubuta Ba

Wane gari ne kakannin Malam suka fara sauka bayan sun ƙetare kogin Kwara? Bana shekara arba'in ke nan da rasuwar maigidana, har yau na kasa amsa wannan tambaya, ga shi ni kaɗai ya gaya wa.

Ban yi boko ba. Jikata Safiya ce ke rubuta wannan. Ina faɗa ina share hawaye, ita kuma tana cewa, "Tsohuwa, a hankali, hannuna ba inji ba ne."

A shekarun samun 'yancin kai ina amarya a Kaoje, shi yana jami'a yana karatun tarihi. In ya zo hutu, da akwatin ƙarfe yake zuwa, cike da abin da ya rubuta da hannunsa a aji. Ina surfen shinkafa, shi yana zaune kusa da turmi yana karanta mini labarin Kabi yadda malamansu suka faɗa. Na taɓa ce masa, "Malam, ba da kunnenka ka ji ba? Mi ne na wahal da yatsu?" Ya yi dariya, ya nuna mini kantar da alƙalami ya yi masa. Ya ce abokansa masu zama suna gyaɗa kai, ranar jarrabawa sun laluba sun rasa.

Rubutun nan yana nan. Da Safiya ta buɗe akwatin ta karanta mini, sai na ji kamar shi ne ya dawo bakin turmi. Ita ma tana jami'a yanzu, amma da waya take ɗaukar muryar malaminsu, wai za ta saurara daga baya. Da yana raye, ina jin hannunta zai kama ya duba yatsa.

Abu ɗaya ne babu a akwatin. A daminarsa ta ƙarshe ya haye ƙasar da muke ce wa Dahome, wurin wani tsoho danginsu, ya jiyo yadda zuriyarsu ta rabu tun kafin Turawa su ja iyaka. A hanyar dawowa ruwan sama ya same shi cikin jirgin ruwa, tawadar abin da ya rubuto ta wanke. Ya iso gida da zazzaɓi, ko alƙalami ba ya iya riƙewa. Ya zaunar da ni, ya faɗa mini labarin gari bayan gari.

Na riƙe. Na yi ta maimaita shi wurin daka kamar waƙa. Amma tsufa ya zo, sunaye suka fara zubewa, na farkon ya tafi gaba ɗaya. 'Ya'yansa suna da dangi a can, ba su san ƙofar da za su yi sallama ba.

Yau na juye wa Safiya abin da ya rage. Inda sunan nan zai zauna, ta bar fili. Abin da ya rubuta yana magana har gobe. Abin da ya ba ni ajiya ne ya raunana tare da ni, shi kuwa ba da niyyar doguwar ajiya ya ba ni ba. Kafin ya juya fuskarsa ga bango, cewa ya yi:

"Hajjo, riƙe mini wanga labari. In na samu sauƙi, sai in rubuta shi."