Zugun Aƙilu Marini

Aƙilu marini ne a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Kafur. Shi da ƙanensa Shitu suka gaji ramukan rini huɗu a karofi. Aƙilu ne gwanin haɗa baba da toka, Shitu kuwa ya fi shi ƙarfin juya muciya da iya bugu.

Wajen shekarar 1850, wata safiya Aƙilu ya ɗebi ruwan baba a ƙwarya don ya duba ko ya nuna. Rana ba ta daɗe da fitowa ba, sai ga ta a cikin ruwan, jajir, da wani ɗigo baƙi a jikinta. Ya zaci datti ne, ya zubar ya sake ɗiba. Ɗigon yana nan. Bayan kwana uku ya ga ya matsa gefe.

Ya faɗa wa abokan aiki, suka yi ta dariya.

"Rana ma ta zo rini ke nan?" in ji wani mai suna Buba. "Ka ce mata layi ake bi!"

Tun daga ranar Aƙilu ya ja bakinsa. Ya sayi zugu, wato doguwar farar saƙa mai faɗin tafin hannu. Kowace Juma'a da sassafe sai ya zagaya bayan rumbu da ƙwaryarsa. Ɗigo nawa ya gani, ɗigo nawa zai sa a zugun da tsinke da shuni, sannan ya bar faɗin yatsa saboda mako mai zuwa. Ranar da hadari ya rufe, sai ya ja layi.

Shekara ashirin da biyu ya yi a haka. In ya warware zugun a ɗaki yakan ga abin da ba ya ganuwa a mako ɗaya: ɗigon yakan yi yawa, ya ragu har zugun ya yi fari fat, ya sake yawaita, kusan duk shekara goma sha ɗaya. Sau biyu ya ga haka. Idonsa kuwa ya biya kuɗin kallon, don a ƙarshe sai ya matso da ƙwaryar kusa da hanci.

A watan Zulƙida na 1872 ya sa manyan ɗigo a zugun. Ba a yi kwana uku ba, ana idar da sallar magariba, sama ta yi ja ta wajen arewa. Mutane suka ce gobarar daji ce, amma babu hayaƙi, kuma da gari ya waye babu toka. Aƙilu ya ƙudura a ransa cewa jan saman yana da dangantaka da ɗigon nan. Ya ji labarin wani malami masanin taurari a Zariya, ya yi niyyar kai masa zugun tun idonsa na iya ganin ɗigon.

Abin da ya ce wa Shitu kawai shi ne, "Bayan Sallah zan kai wannan Zariya, gaban malamai."

Shitu ya ɗaga bakin zugun ya ga ɗigo-ɗigo. A wurin marini, farin ƙyalle mai tabon shuni shaidar ganganci ce, maganinsa kuma ɗaya ne.

Aƙilu ya tafi ta'aziyya Kafur, ya kwana huɗu. Da ya dawo, Shitu ya tare shi a zaure da wani abu a naɗe, baƙi wuluk, yana ƙyalli.

"Yaya, ga tsummanka na rufa maka asiri. Sau bakwai na tsoma shi, da hannuna na buge shi. Ka je Zariya da wancan dabbare-dabbaren, ai sai su ce a gidanmu kaji ke rini."

Aƙilu ya fita da shi rana, ya warware, ya bi shi taki-taki da ido da yatsa. Ko ɗigo ɗaya bai rage ba. Aikin Shitu ba ya barin tabo.

Nan ya zauna ya faɗa wa Shitu komai, tun daga ƙwaryar farko. Shitu ya ɗauki zugun ya nufi rafi da sabulun salo, ya wuni yana wanki, ya dawo da shi yadda ya tafi da shi.

"Yaya, don me ba ka faɗa mini ba?"

"Na ji tsoro ka yi dariya."

"Da na yi mana. Amma da ban tsoma shi ba."

Aƙilu bai je Zariya ba, don ba shi da abin nunawa sai baki. Ya sayi sabon zugu, amma da ya leƙa ƙwaryar, haske kawai ya gani, babu gefe babu tsakiya. Shitu ya karɓi aikin, ya yi Juma'a tara, har damina ta kama aka koma gona.

Baƙin zugun Aƙilu ya mai da shi rawani, ya naɗa shi shekara shida kafin ya rasu. Duk wanda ya yaba rinin, sai ya ce, "Aikin Shitu ne."