Sati Takwas a Takarda

Ina miƙa wa maigidana takardar gwajin jini da ta nuna ina da ciki, sai na ga ya fara lissafi da yatsu.

Shekararmu bakwai muna roƙon Allah haihuwa. Takardar ta ce cikin sati takwas ne. Shi kuma satinsa shida da dawowa Daura daga Agadas, inda ya yi wata huɗu.

Washegari na ja shi har gaban nas ɗin da ta ɗebi jinin.

Ta ce, "Malam, sinadarin ciki da muke aunawa a jini kintace kawai yake ba mu, ba ya faɗin rana. Kuma mu daga al'adarta ta ƙarshe muke ƙirgawa. Cire sati biyu, lissafinka ya fita daidai."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gane, Sista. Amma Hajiyata ta riga ta nuna wa dangi takardar."

Yau kwanana tara a gidan iyayena, ba saki, ba biko. Ko barka babu wanda ya yi mini.

'Yan'uwa, ku gaya mini, a wane asibiti ake ba da takardar goge zargi?