Ranar da Na Juya wa Malama Shafi

Ina da shekara arba'in da bakwai na fara koyon boko, a kan teburin cin abinci na gidan da nake tuƙi a unguwar Mohandessin. Maigidan ma'aikaci ne a ofishin jakadancinmu na Alkahira. Matarsa 'yar Jos ce, Kirista, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibiya. Ita ce ta ga ina juya takardar cefane ina neman wanda zai karanta mini, ta ce daga gobe bayan azahar za mu zauna. Tun ranar na daina ce mata Madam, na koma Malama. Ita kuma Malam take ce mini, saboda haka baƙo ba ya gane wa ke koyar da wa.

Haruffa ba su ba ni wahala sosai ba. Hannuna ne mai taurin kai. Shekara arba'in yana buɗe Alƙur'ani, yana ɗaukar shafin hagu ya kwantar da shi a dama. Littafin boko kuwa ta ɗaya gefen ake shigarsa. Duk lokacin da na ɗauki littafi sai in fara da ƙarshensa, Malama ta buga biro a tebur.

"Malam, ka sake shiga gidan mutane ta taga!"

"A yi haƙuri, Malama. Garinmu nan ce ƙofa."

Akwai piyano a falo. Kowace safiya Malama tana kaɗa kiɗa guda ɗaya, shi dai, ba canji. Na ji shi ina wanke mota, na ji shi ina shan shayi, har na iya rera shi da hanci daga farko zuwa ƙarshe. Na san inda yake tafiya a hankali kamar tsohuwa da tulu, na san inda yake zabura da gudu.

Wata rana cunkoso ya riƙe mu a kan gada, ta ba ni labari. Tana budurwa ta taɓa kaɗawa a gaban jama'a a gida. Ana tsakiya hannunta ya tsaya cak, ta tashi ta fita, shekara ashirin ba ta sake zama gaban mutane ba. Yanzu an gayyace ta bikin kiɗa na kwana uku da ake yi a wata ƙaramar coci, a wani ɗan gari a bakin Nilu, kudu da Alkahira.

"Ba tafi nake nema ba, Malam," in ji ta. "In fara, in kai ƙarshe ban tsaya ba. Khalas, shi ke nan."

A shekarar 2014 ne, zafi bai riga ya sauko ba. Maigida ya yi tafiya Abuja, don haka ni da ita muka riƙa zuwa. Kwana biyun farko a harabar coci na zauna tare da tsoho mai gadi, yana ba ni shayi mai na'ana'a, muna saurare ta taga. Akwai masu goge irin na Turawa da ake maƙalewa a wuya, akwai wani ƙaton goge da mutum ke rungumewa tsakanin gwiwoyinsa. Abin da ya fi ba ni mamaki masu sauraron ne. Makaɗa su yi gumi, kiɗa ya tsaya, amma ba tafi, ba guɗa, sai tari. Na tambayi tsohon ko an yi fushi ne. Ya ce a'a, hutu ne a tsakiya, ba a tafawa sai an gama duka. Na ce a wurinmu makaɗi ya yi rabin wannan ƙoƙari, da tuni wani ya miƙe yana yi masa kirari.

Rana ta uku ita ce ta Malama. Na idar da la'asar a kan tabarmar da tsohon ya shimfiɗa mini a gindin bishiya, sai ga ta ta fito da waya a hannu, fuska ba jini. Matar da za ta zauna kusa da ita tana juya mata shafin kiɗa ta maƙale a hanya, ba za ta iso ba.

"Malam, aiki ya same ka."

"Ni? Malama, ni da nake shafi na talatin a littafin 'yan aji biyu?"

"Ba karatu za ka yi ba. Shafi uku ne za a juya. In na ce yalla, ka juya. Daga dama zuwa hagu. Maimaita."

"Daga dama zuwa hagu."

A bakin ƙofa na cire takalmi. Tsohon ya ce, "Ya hajj, nan ba a cirewa." Na ce ɗakin ibada ne, ƙafata ba za ta yarda ba. Haka na ratsa tsakiyar mutane da safa, na zauna a kujerar da ke hagun Malama. Na dubi takardar: layuka biyar biyar da baƙaƙen ɗigo, kamar tururuwa sun hau igiyar shanya. Na gode wa Allah da ba a ce in karanta ba.

Ta fara. Kiɗan ya miƙe. Ni kuwa ina ta nanatawa a zuci, dama zuwa hagu, dama zuwa hagu. Ta ce yalla ƙasa ƙasa, na miƙe na juya daidai, na zauna ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Wannan jin daɗin ne ya kayar da ni. Kiɗa ya iso wurin da na fi so, inda yake sauka a hankali, kuma a ɗakin nan mai dogon rufi ya yi wani daɗi da bai taɓa yi a falo ba. Na manta da dama, na manta da hagu. Ta ce yalla, hannuna ya tashi shi kaɗai ya yi abin da ya saba shekara arba'in. Ya ɗauki shafin hagu ya kwantar a dama.

Sai ga mu a shafin farko, da manyan haruffan sunan kiɗan a sama. Waɗannan kam na iya karanta su.

Na ga wuyan Malama ya sandare. Hannunta na hagu ya danne sauti guda ya riƙe, ya riƙe fiye da yadda yake riƙewa a gida. Na kai hannu in gyara, yatsuna sun jiƙe da gumi, takardu suka manne da juna. Ban san abin da aka rubuta a shafin da ya ɓace ba, amma na san abin da ke biye. Sai na sunkuya na rera mata shi da hanci, a hankali, yadda malamin allo yake ɗora wa mai hadda kan aya idan ta kuɓuce masa.

Ta kama. Hannun dama ya shigo, na hagu ya bi shi. Kafin in raba takardun in samo shafin, ta rufe idonta, ba ta ma duban littafin. Ba ta sake cewa yalla ba. Na koma na zauna da hannuwa a kan gwiwa, na danne su sosai kada su sake yin wani aikin alheri, har ta kai ƙarshe.

Sai tafi ya ɓarke. Na jira na ga tsoho mai gadi yana tafawa a bakin ƙofa, takalmana a hammatarsa, sannan ni ma na sa hannu.

A mota, da muka hau babban titi, sai ta kira ni.

"Malam."

"Na'am, Malama."

"Ta taga ka shiga."

"Ta taga na shiga. Amma Malama, ashe tuni kin haddace. Shekara guda kina wahalar da takarda a banza."

Ta yi dariya har ta jingina kai da gilashi, ta ciro hankici tana share ido. Da ta sami numfashi ta ce, "Gobe bayan azahar, shafi na talatin da ɗaya. Ni zan juya."